Littafi a gaban alƙali: taƙaddama kan labaran soyayyar jinsi ɗaya

A ranar 27 ga watan Yunin 2025, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan wata ƙara da wasu iyayen yara suka shigar suna ƙalubalantar hukumar makarantun gundumar Montgomery da ke jihar Maryland.

Ƙarar dai a kan wasu littattafan labarai ne masu hotuna, waɗanda hukumar ta sanya cikin darasin Turanci na 'yan firamare a shekarar 2022.

Iyayen, waɗanda suka haɗa da Musulmi da mabiya ɗarikun Katolika da Orthodox, sun ce littattafan na ɗauke da labarin auren jinsi ɗaya da na masu sauya jinsi, abin da ya saɓa wa tarbiyyar addinin da suke yi wa 'ya'yansu.

Alƙalai shida daga cikin tara sun goyi bayan iyayen, inda suka ce wajibi ne makaranta ta riƙa sanar da su, ta kuma ba su damar tsame 'ya'yansu daga darasin. Sauran ukun sun yi gargaɗin cewa hukuncin zai jefa makarantun gwamnati cikin ruɗani.

Wannan shari'a reshe ne na wata taƙaddama da ta kusa cika shekara 100 ana tafkawa a kan irin waɗannan littattafai. Abin da ya sauya a tsawon lokacin shi ne wanda ake ɗora wa alhaki.

A da, marubuci da kamfanin da ya buga littafi ne ake tuhuma. A yanzu kuwa, idanu sun fi karkata ga wanda ya miƙa littafin ga mai karatu, watau malamin makaranta, da ma'aikacin ɗakin karatu, da mai kantin sayar da littattafai.

Shari'ar Landan

A watan Yulin 1928 ne kamfanin Jonathan Cape na Landan ya buga wani ƙagaggen labari mai suna The Well of Loneliness, wanda marubuciya Radclyffe Hall ta rubuta.

Labarin wata 'yar masu hali ce a Ingila wadda zuciyarta ta karkata ga mata 'yan uwanta, da irin ƙyamar da ta fuskanta daga mahaifiyarta da kuma jama'a. Babu inda aka siffanta saduwa ƙarara a cikinsa.

Duk da haka, bayan wata guda, editan jaridar Sunday Express, James Douglas, ya ƙaddamar da yaƙi a kan littafin, yana mai cewa gara ya bai wa yaro ko yarinya kwalbar guba da ya ba su shi.

Kamfanin ya dakatar da buga littafin a Birtaniya, amma ya ba wata maɗaba'a a birnin Paris damar ci gaba da bugawa. Jami'an kwastan suka kama kwafin da aka shigo da su, magana ta kai kotu a watan Nuwamba.

Fitattun marubuta irin su Virginia Woolf da E. M. Forster sun halarci kotun da nufin kare littafin, to amma alƙalin, Sir Chartres Biron, ya ƙi karɓar shaida a kan darajarsa ta adabi.

Ma'aunin da kotunan Ingila ke amfani da shi a wancan zamani, tun daga wata shari'a ta 1868, shi ne ko rubutu zai iya gurɓata tunanin wanda ya faɗa hannunsa. Da wannan ma'auni ne alƙalin ya ce littafin batsa ne, ya kuma ba da umarnin a lalata shi.

Sai dai hukuncin ya zame wa littafin gobarar Titi a Jos. Wata kotu a New York ta wanke shi a 1929, ya samu kasuwa a Amurka da Faransa, matafiya kuma suka riƙa shigar da shi Birtaniya a ɓoye. Ba a sake buga shi a can ba sai a 1949.

Rubutu a ɓoye

Darasin da marubuta da dama suka ɗauka daga shari'ar shi ne su yi taka-tsantsan.

Shi kansa Forster yana da nasa labarin, Maurice, wanda ya rubuta tsakanin 1913 da 1914, amma bai nuna wa kowa ba sai amintattun abokai. A ganinsa, babbar matsalar ita ce labarin ya ƙare cikin farin ciki, ba tare da an hukunta masoyan ba.

An buga littafin ne a 1971, shekara guda bayan mutuwarsa, kuma shekara huɗu bayan da Ingila ta sassauta dokar da ta haramta luwaɗi.

A Amurka, Patricia Highsmith ta fitar da The Price of Salt a 1952 da sunan aro, ba ta yarda an sa sunanta na gaskiya a kansa ba sai a 1990.

Shi kuwa James Baldwin, baƙar fatar Amurka da ke zaune a Faransa, kamfanin da ya buga littafinsa na farko ya ƙi karɓar Giovanni's Room, don gudun kada ya rasa masu karatunsa. Wani kamfani ne dabam ya buga shi a 1956.

Daga hannu zuwa hannu

Tun da ba a tallata irin waɗannan littattafai a fili, mai neman su ya dogara ne ga wanda zai raɗa masa sunansu, ko ya ara masa.

Wannan ne ya sa tsara jerin sunayen littattafai ya zama babban aiki ga masu fafutuka. Barbara Gittings, wadda ta ce lokacin da take ɗaliba ba ta samu bayanin irinta a ɗakin karatu ba sai ƙarƙashin babin cututtuka da karkacewar ɗabi'a, ta shafe shekaru tun daga 1971 tana jagorantar wani kwamiti a Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka, wanda ke rarraba irin wannan jeri.

A shekarar ce kuma aka fara bayar da kyautar da daga baya aka sanya wa suna Stonewall. Kyautar Lambda ta biyo baya a 1989.

Kantuna na musamman su ma sun bayyana: Oscar Wilde Memorial Bookshop a New York a 1967, da Gay's the Word a Landan a 1979.

A watan Afrilun 1984 jami'an kwastan suka kai samame kantin na Landan, suka kwashe littattafan da aka shigo da su daga waje, aka kuma tuhumi masu shi. An janye tuhumar a 1986.

A wannan tsakanin ne rigimar ta koma makarantu. A 1986 jaridun Birtaniya suka yi ca a kan wani ɗan littafin yara da aka fassara daga harshen Denmark, Jenny Lives with Eric and Martin, bayan da aka same shi a wani ɗakin karatu na hukumar ilimi ta Landan.

Cece-kucen ya taimaka wajen kafa dokar da aka fi sani da Sashe na 28 a 1988, zamanin Firaminista Margaret Thatcher, wadda ta hana ƙananan hukumomi yayata luwaɗi.

Ba a taɓa samun wani da laifi a gaban kotu ƙarƙashin sashen ba, amma malamai da ma'aikatan ɗakunan karatu da dama sun riƙa kauce wa batun baki ɗaya saboda tsoro. An soke shi a Scotland a shekarar 2000, a Ingila da Wales kuma a 2003.

Alƙaluman Amurka

A 'yan shekarun nan, Amurka ce fagen da aka fi gwabzawa.

Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta ƙasar ta ce a 2022 an nemi a janye littattafai 2,571 daga makarantu da ɗakunan karatu. A 2023 adadin ya kai 4,240, kafin ya sauko zuwa 2,452 a 2024.

A cewar ƙungiyar, kashi 47 cikin 100 na littattafan da aka yi ƙorafi a kansu a 2023 sun shafi masu neman jinsinsu ne, ko kuma baƙaƙen fata da sauran tsirarun al'ummomi.

Ita ma ƙungiyar marubuta ta PEN America ta ƙirga sama da sau 10,000 da aka janye wani littafi daga makarantun gwamnati a zangon karatu na 2023 zuwa 2024, akasari a jihohin Florida da Iowa.

Littafin da ya fi shan suka a 2021 da 2022 da 2023 shi ne Gender Queer na Maia Kobabe, wanda tarihin rayuwa ne da aka bayar da shi cikin zane. Yadda ya shiga makarantu na nuna tasirin da shawarar masana ke da shi.

Don manya aka buga shi a 2019. Amma a 2020 ya samu kyautar Alex, wadda Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ke bai wa littattafan manya da take ganin za su ja hankalin matasa. Ma'aikatan ɗakunan karatu, waɗanda ba za su iya karanta duk abin da aka buga ba, sukan dogara da irin waɗannan kyaututtuka wajen sayen littattafai.

Ta haka ne ya isa makarantun sakandare, inda wasu iyaye suka ci karo da wasu 'yan shafuka masu zanen jima'i, hotunan shafukan kuma suka bazu a intanet.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu neman a janye littattafan na cewa ba haramci suke nema ba, tun da duk mai so zai iya saye a kasuwa. Abin da suke ƙi shi ne a yi amfani da kuɗin harajinsu a ajiye wa yara abin da ya fi ƙarfin shekarunsu, ko ya ci karo da addininsu.

A ganinsu, tarbiyya haƙƙin iyaye ce, kuma ma'aikacin ɗakin karatu ba shi da hurumin shiga tsakanin uba da ɗansa. Irin wannan hujja ce iyaye, akasarinsu Musulmi, suka kafa a zanga-zangar da suka yi a ƙofar wasu makarantun firamare a Birmingham ta Ingila a 2019, da kuma a Dearborn ta jihar Michigan a 2022.

Ɗaya ɓangaren kuwa na cewa uba na da ikon hana ɗansa karanta littafi, amma ba shi da ikon hana 'ya'yan wasu. Suna kuma cewa ga yaron talaka wanda ba shi da kuɗin saye, cire littafi daga ɗakin karatu daidai yake da haramta shi.

Sun ƙara da cewa ba batsa kaɗai ake farauta ba. Misalin da suka fi kawowa shi ne And Tango Makes Three, labarin wasu tsuntsayen ƙanƙara biyu maza da suka reni ɗan tsako a gidan namun daji na New York, wanda ya zo kan gaba a jerin littattafan da aka fi ƙorafi a kansu a 2006 da 2007 da 2008 da 2010.

Akwai kuma jayayya a kan su wane ne masu ƙorafin. Wani bincike da jaridar Washington Post ta wallafa a 2023 a kan ƙorafe-ƙorafe sama da 1,000 ya gano cewa mutum 11 ne kacal suka shigar da kashi 60 cikin 100 nasu.

Wasu jihohi ba su tsaya a kan janye littafi ba. A 2023 jihar Arkansas ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga ma'aikacin ɗakin karatu ko mai kanti da ya bai wa yaro littafin da aka ɗauka mai cutarwa ne. Wani alƙalin tarayya ya soke wannan sashe a watan Disambar 2024.

Hangari da Rasha

A Turai, majalisar dokokin Hangari ta amince da wata doka a 2021, wadda ta hana nuna wa 'yan ƙasa da shekara 18 abin da ya shafi luwaɗi ko sauya jinsi. An umarci kantuna su naɗe irin waɗannan littattafai a leda, kada kuma su sayar da su a tazarar mita 200 daga makaranta ko coci.

A watan Yulin 2023 aka ci kamfanin sayar da littattafai na Lira tarar forint miliyan 12, saboda ya ajiye Heartstopper na Alice Oseman a sashen matasa ba tare da naɗewa ba. Kotun farko ta soke tarar a 2024, bisa hujjar cewa rashin waƙafi guda a rubutun dokar ya sauya ma'anarta.

A Rasha, wani labarin soyayyar samari biyu a sansanin matasa na zamanin Tarayyar Sobiyet, wanda Katerina Silvanova da Elena Malisova suka fara wallafawa a intanet, ya sayar da kwafi fiye da 200,000 bayan buga shi a 2021.

Farin jininsa ya harzuƙa 'yan majalisa, kuma a watan Disambar 2022 aka faɗaɗa dokar 2013 mai hana yayata luwaɗi ga yara, ta shafi manya ma. Littattafai da dama sun ɓace daga kantuna, a 2025 kuma aka kama wasu ma'aikatan kamfanonin ɗab'i.

Marubutan Afirka

A nahiyar Afirka, inda ƙasashe kusan 30 suka haramta luwaɗi da maɗigo, marubuta sun daɗe suna taɓa batun, sai dai sau da yawa yabon daga waje yake zuwa, suka kuma daga gida.

A 2007 'yar Yuganda Monica Arac de Nyeko ta ci kyautar Caine da gajeren labarinta Jambula Tree. Fim ɗin Rafiki da aka gina a kansa, hukumar tace fina-finai ta Kenya ta haramta shi a 2018, ko da yake kotu ta ɗage haramcin na kwana bakwai.

Ɗan Senegal Mohamed Mbougar Sarr ya sha yabo lokacin da ya ci kyautar Goncourt ta Faransa a 2021. Ba a jima ba wasu a ƙasarsa suka juya masa baya, bayan da suka tuna da wani littafinsa na 2018, De purs hommes, wanda ya yi magana a kan yadda ake tsangwamar 'yan luwaɗi.

A Nijeriya, ana ɗaukar Walking with Shadows na Jude Dibia, wanda ya fito a 2005, a matsayin ƙagaggen labari na farko da tauraronsa ke neman jinsinsa. Marubucin ya bar ƙasar bayan da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya hannu a kan dokar hana auren jinsi a watan Janairun 2014, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14.

Chinelo Okparanta, mazauniyar Amurka, ta fitar da Under the Udala Trees a 2015, labarin wata yarinya 'yar ƙabilar Ibo da wata marainiya Bahaushiya da yaƙin Biyafara ya haɗa su. Arinze Ifeakandu, haifaffen Kano, ya ci kyautar Dylan Thomas a 2023 da tarin gajerun labaransa.

Dokar 2014 ba ta ambaci littattafai ba. Amma a ƙasar da malaman Musulunci da na Kirista suka haɗu a kan haramcin wannan ɗabi'a, hukumomi na sa ido sosai a kan abin da ake bai wa ɗalibai.

A watan Oktoban 2023, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta haramta littafin koyon karatu na Queen Primer, Majalisar Wakilai ma ta nemi a hana amfani da shi, saboda kalmar "gay" da ke cikinsa. Masu sukar matakin sun ce tsohon littafi ne da aka rubuta tun lokacin da kalmar ke nufin fara'a. Masu goyon baya kuwa suka ce yaron yau ma'anar yau zai ɗauka.

Zargin littafi da ɓata tarbiyya ba baƙo ba ne a Kano. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun ɗalibai 'yan mata, ko da yake waɗancan labaran soyayyar saurayi da budurwa ne.

Zamanin wayar hannu

To sai dai yayin da ake ta jayayya a kan malami da ma'aikacin ɗakin karatu, matasa da yawa sun daina jiran shawararsu.

The Song of Achilles na Madeline Miller, wanda ya sake bayar da wata tsohuwar tatsuniyar Girka a matsayin labarin soyayyar mayaƙa biyu, ya fito ne a 2011. Bayan shekara goma, lokacin da matasa suka fara yaba shi a gajerun bidiyo a TikTok, jaridar New York Times ta ruwaito cewa ana sayar da kwafi kusan 10,000 a mako.

Shi ma Heartstopper a intanet ya fara a 2016, kyauta, kafin a buga shi a takarda, Netflix kuma ta mayar da shi fim a 2022.

Haka lamarin yake a ƙasar Hausa. Aikin da mai shagon hayar littattafai ke yi a da, na zaɓa wa mai karatu abin da zai tafi da shi gida, ya koma zaurukan WhatsApp da shafin Wattpad, inda ake rubuta labari a kuma rarraba shi ba tare da ya bi ta wata hukuma ba.

Gwamnatoci na ƙoƙarin bin sawu. A 2018 wata kotu a China ta ɗaure wata marubuciya da aka sani da sunan aro na Tianyi fiye da shekara 10 saboda wani littafin batsa na 'yan luwaɗi da ta buga da kanta. A 2022 kamfanin Amazon ya toshe neman irin waɗannan kayayyaki, har da littattafai, a shafinsa na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, bisa matsin lambar hukumomi.

Wasu ƙasashen kuma sun nemi tsaka-tsaki. A 2014 hukumar ɗakunan karatu ta Singafo ta ce za ta lalata And Tango Makes Three, amma bayan da marubuta suka nuna adawa, sai aka mayar da shi sashen manya, inda uban da ya ga dama zai iya aro wa ɗansa.

Matakin Singafo da hukuncin Maryland duk sun bar littafin a inda za a iya samunsa, sun kuma mayar da zaɓi hannun iyaye. Amma ikonsu ya tsaya ne a kan aji da ɗakin karatu, bai kai ga wayar da ke hannun yaro ba.